Anti Damaris da Sandar Baba Wilson

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da Injiniya marar digiri, Farfesar Fotokwafi ta Kudancin Kogin Kaduna, Sarauniyar Kwamfuta tun daga unguwar Television har Trikania, wadda in ta ɗora yatsu a kan maballi ko janareta sai ya sassauta murya: Anti Damaris Bitrus, mai shago na ƙarshe a gangaren Kasuwar Gindin Mangwaro, daidai inda ruwa yake fara gaishe mu kowace damina.

Mai gabatarwa kuwa ni ne, Shekari, mai teburin caja da murfin waya a layin tsakiya. Na leƙa makarantar gaba da sakandare na ɗan lokaci, ni da ita muka dubi juna muka ga ba mu dace ba, aka rabu ba faɗa. Na tuƙa keke, na yi kwandasta, na taɓa koyon walda har sai da idona ya ba ni shawara. Don haka kada wani ya ce ban ga duniya ba. Na gan ta, ita ce dai ba ta gan ni ba tukuna.

Anti Damaris daga wani ƙauye take kusa da Zonkwa. Ta zo Kaduna da ƙuruciya, ta sami aiki a masaƙa, a sashen da ake daidaita launi da zane. Aikinta shi ne ta tsaya ta dubi yadi yana fitowa daga inji, in ja ya ɗan karkata zuwa ruwan goro ta ɗaga hannu a tsayar. Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka hau, kowa a unguwarsu cewa yake yanzu za a sha romon dimokuraɗiyya. Ita dai abin da ya fara zuwa mata shi ne makulli a ƙofar masaƙa. Mijinta ya rasu ba da daɗewa ba, ya bar ta da 'ya ɗaya, Jemimah. Sai ta koma dama kunun zaƙi tana sayarwa a ƙofar wani shagon buga takardu. Yarinyar da ke buga takardun mai son yawo ce, kullum tana zuwa ta dawo, kuma dawowar ba ta da lokaci. Wata rana mutane suka yi layi, Anti ta ajiye ludayi ta zauna a kujerar, ta fara laluben haruffa da yatsa ɗaya. Ta ce maballi ba su kai zare taurin kai ba. Daga yatsa ɗaya ta koma biyu, daga biyu ta koma goma, daga nan ta kama shagonta, ta sayi injin fotokwafi na hannu, ta kai Jemimah makarantar koyon jinya.

Wannan injin, ruwan sama ne ya cinye shi. A bayan kasuwarmu akwai wani siririn bututu a ƙarƙashin titi, wanda aka saka tun kasuwar tana tebur huɗu da mai ƙosai. Duk ruwan da ya gangaro daga saman unguwa nan yake zuwa ya yi cunkoso, in ya ga ba hanya sai ya juyo ya shigo mana ciniki. Shagon Anti ne a ƙasa, shi ke karɓar baƙon da farko, shi ke sallamarsa a ƙarshe. Inji na biyu da ta saya, a kan bulo yake kwana tun daga ruwan farko har na ƙarshe, kamar amarya a kan gado. Ta faɗa mini da bakinta cewa in wannan ma ya tafi, ba ta da ƙarfin na uku, ƙauye za ta koma.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta daɗe tana roƙon a saka mana kwalbati babba. Shugabarmu Hajiya Kulu, mai atamfa, wadda ke zuwa daga Unguwar Mu'azu kowace safiya, ta sa hannu a takardun roƙo har biro ya san hanya. Wata rana ta dawo daga ofis ta tara mu ta ce wani jami'i ya gaya mata gaskiya, ba da wulaƙanci ba: kasuwarmu ƙarama ce, abin da take kawowa na haraji bai taka kara ya karya ba, sai an gama da manya.

Anti Damaris tana zaune can gefe a taron. Amma na ga kunnenta ya motsa. Kowane wata masu haraji suna zuwa, su yanka wa kowa gwargwadon cinikinsa, su ba da rasit. Ta ce mini, "Shekari, mutumin nan bai yi ƙarya ba, bai gani ba ne. Lamba a cikin fayil barci take yi. Sai an tashe ta ta miƙe tsaye."

Ashe tana da abin tashinta. Wani ɗan bautar ƙasa mai suna Albert, wanda yake zuwa buga takardu bashi, ya biya ta da karatu: ya nuna mata yadda ake rubuta umarnin da ke sa shafi ya fito a intanet. Da ya gama hidimarsa ya tafi, ta ci gaba da kallon bidiyon koyarwa a waya, tana tsayarwa tana maimaitawa, tana yi wa Baturen ciki faɗa in ya yi sauri. Kuɗin nama ya koma kuɗin data. Laftof ɗinta 'yar gwanjo ce, batirin ya daɗe da rasuwa, murfin kuma da robar taya aka ɗaure shi, in aka ɗauke wuta tare suke tafiya. A kansa ta ƙudura za ta gina shafin da zai nuna harajin kasuwarmu a hoto, yadda ko wanda bai je aji ɗaya ba zai duba ya gane.

Ta bi shago shago tana karɓar tsofaffin rasit. A nan na san inda mutane ke ajiye abin da suke tsoro. Wani a cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Littafin Ayuba. Wata a gwangwanin madara. Hajiya Kulu a cikin jakar da ta je Makka da ita. Ni nawa a ƙarƙashin tebur suke, suna hana shi rawa. Kowa ya bayar da murmushi, don duk mun ɗauka wata takardar roƙo ce za ta je ofis ta kwanta kusa da yayyenta.

Aikin ya ci watanni. Takan zauna tsakanin kwastoma da kwastoma tana shigar da lambobi, ta ce ai saƙa ce, zaren tsaye shaguna, zaren kwance watanni. Ranar da sandunan da ke nuna harajin kowane shago suka fara fitowa a allo ta kira ni in gani, sai ga su duk sun rataye kai ƙasa kamar jemagu. Na ce, "Anti, ai daidai ne, haka tattalin arzikin yake." Ta jefe ni da murfin biro. Bayan kwana biyu suka miƙe. Wata rana kuma duk suka ɓace saboda ta manta waƙafi ɗaya, ta yini tana nemansa kamar allura a cikin garin rogo. Amma a ƙarshe abu ya tsaya da kyau. Ka buɗe a wayarka, ga kasuwa gaba ɗaya, kowane shago da sandarsa da sunan mai shi a ƙasa. Wanda ya biya da yawa sandarsa doguwa, wanda ya biya kaɗan gajera. Ka taɓa sanda, ta buɗe maka wata wata. Launin ma ba a magana, hannun masaƙa ne.

Ta tura mahaɗin shafin a guruf ɗin kasuwa ranar wata Juma'a da hantsi. An yi ta tafi da hoton hannu. Hajiya Kulu ta turo saƙon murya ta ce Damaris ta fitar da mu kunya, kuma jami'in haraji na yankinmu, wani Ernest, ya yarda zai zo da injiniyan ayyuka su gani kafin a rufe jerin ayyukan bana.

To, a nan sai na tsaya na yi wa baƙo bayani. A kasuwarmu akwai doka wadda ba a rubuta ba, kuma ta fi duk wadda aka rubuta ƙarfi. In an ce maka, "Ya kasuwa?" amsa ɗaya ce tak: "Muna dai lallaɓawa." Wanda ya sayar da tirelar siminti lallaɓawa yake. Wanda tun safe ƙuda ma bai sauka a teburinsa ba, shi ma lallaɓawa yake. Wannan kalma bargo ce, ta rufe mai ƙiba ta rufe ramamme, kowa ya yi barci lafiya. Anti Damaris, da zuciya ɗaya, ta zo ta yaye bargon da rana tsaka.

Sarkin lallaɓawa shi ne Baba Wilson mai kayan gini. Riga ɗaya na san shi da ita tun ina yaro, mai ruwan toka, ban sani ba ko da can fara ce. Babur ɗinsa sai an tura, kuma shi ke roƙon a tura. In ka gaishe shi sai ya yi ajiyar zuciyar da za ka ji kamar ka ba shi na mota. To sandar Baba Wilson a shafin Anti, sai ka ja allon waya sama kafin ka ga ƙarshenta. Ta tsaya a tsakiyar sauran kamar ƙarfen sabis a cikin gonar gyaɗa.

Mahaɗin kuma bai zauna a guruf ɗin kasuwa ba. Kafin Asabar ya shiga guruf ɗin zumuntar mata, ya shiga na mawaƙa, ya tsallaka na ƙungiyar ci gaban ƙauye. Ranar Lahadi bayan sujada, Baba Wilson bai kai wajen babur ɗinsa ba sai da aka miƙa masa katin gayyata har ya rasa aljihun sakawa. Ƙaddamar da faifan mawaƙa, shi ne babban mai ƙaddamarwa. Rufin ɗakin fasto, shi ne uban taro. Wata makarantar yara da bai taɓa jin sunanta ba ta sa masa suna a kalanda. Ranar Talata wata motar ƙauye ta sauke masa ƙanen matarsa da yara biyu da buhun citta, wai an ji Allah ya buɗa, a sa su a makaranta.

Hajiya Kulu ita ce ta biyu a tsawo. Kafin mako ya zagayo an naɗa ta uwar biki sau uku, har da bikin wata yarinya da ta ce rabonta da uwar tun suna Islamiyya.

Kada ku ce dogaye kaɗai suka sha. Sandata ni, in ba ka buɗe allo da yatsa biyu ba, cewa za ka yi datti ne a gilashi. Akwai wata Vivian a Trikania da muka daɗe muna fahimtar juna, kuma na riga na gaya wa mahaifiyarta cewa ina harkar sadarwa. Ranar da na je gaisuwa, tsohuwar ta ba ni kujera, ta sa tabarau, ta ɗauko waya. Ta ce, "Ɗana, zo ka nuna mini naka, idona ba ya gani sosai." Na ce Mama ai sabis ne ba kyau. Ta ce, "Na Wilson ya fito ai." Ko ruwa ban shanye ba.

Aka kira taron gaggawa a gindin mangwaro. Ban taɓa ganin kasuwa ta cika haka ba, har mai gyaran takalmi da bai biya ko sisi ba ya zo jin yadda za ta kaya.

Baba Wilson ya miƙe da katunan a hannu kamar mai raba kati a caca. "Maman Jemimah, me na yi miki? Na taɓa hana ki aron tsani?"

"Baba, ba ka hana ni ba."

"To don me za ki tuɓe ni a kasuwa? Shekara nawa ina tura babur ɗin nan? Kin san gwiwata? Duk kin zubar mini da wahalata a yini ɗaya!"

Wani daga baya ya ce, "Baba, sai ka sayi sabo yanzu, asiri ya riga ya tonu."

"Ubanka ne zai sa mai?"

Mai kifi, wadda sandarta ba ta fi tawa da komai ba, ta ce ita masu kawo mata kaya sun fara cewa sai ta biya kafin a sauke. Ni ma na ɗaga hannu na ce a rubuta cewa an yi wa harkar sadarwa zagon ƙasa. Aka ce in zauna.

Anti ta tsaya, hannunta a naɗe cikin zani. Ta ce, "Ni kwalbati nake nema. Ban yi tunanin wannan ba. Na yi kuskure, ku yi haƙuri."

Hajiya Kulu ta ce, "Ƙawata, mun san zuciyarki. Amma ki sauke abin nan, ki mayar wa kowa takardarsa. Ruwa wata uku yake yi ya tafi. Dangi ba sa tafiya."

Muka bi ta shagonta, a gabanmu ta buɗe laftof ta sauke shafin. Ta yini tana ƙulla rasit a leda tana rubuta suna. Saura 'yan kwanaki Ernest ya zo da injiniya, kuma babu abin nuna musu sai farin allo. Da na wuce da yamma na tarar tana auna injin fotokwafi da igiya. Na ce me ake yi. Ta ce wani a Kakuri ya taya, tana so ta ga ko zai shiga keke. Na nemi abin dariya in faɗa, ban samu ba, abin da ba ya faruwa da ni.

Sai ga ruwan farko na shekara, da azahar, ba sallama. Kafin a kwashe kaya ya shigo. Muka tsaya cirko-cirko kowa ya naɗe wando, muna kallon tumatir yana wucewa zuwa layin 'yan takalma. Ni na gangara na taya Anti ɗaga inji, muka ƙara masa bulo. Muna tsaye a ƙofarta sai aka fara gaisuwar da ake yi duk shekara, ana ɗaga murya daga layi zuwa layi.

"Ina ya kai a wajenku?"

"Idon sawu! Ku fa?"

"Gwiwa!"

"Ku gode wa Allah, mu nan ƙugu!"

Ba wanda ya ce muna lallaɓawa. Har ƙari ake yi. Baba Wilson da kansa yana ihu daga shagonsa, "Gwiwa, wallahi har ta wuce!" yana nuna wa duniya ƙafarsa.

Anti ta kasa kunne tana saurare, ruwa yana zagaya ta. Can ta ce, "Shekari, ka ji? Kuɗi ne mutum ba ya so a san nasa. Ruwa kuwa kowa so yake a san nasa."

Na ce, "Anti, sanyi ya fara taɓa ki."

Ba ta kula ni ba. Washegari da aka kawo wuta ta zauna. Lambobin suna nan a laftof, amma ta ce ba za ta nuna ko ɗaya ba sai masu su sun yarda. Ta cire sunaye duka. Da farko ta so ta haɗa mu sana'a sana'a, sai ta tuna Baba Wilson shi kaɗai ne mai kayan gini, ko an rubuta "kayan gini" kowa ya san rigar. Saboda haka ta raba kasuwar yadda ruwa ya raba ta. Sanduna uku kacal: 'Yan Idon Sawu a sama, 'Yan Gwiwa a tsakiya, 'Yan Ƙugu a gangare. Kowace sanda ta haɗa manya da ƙanana, an saƙa su wuri ɗaya, ba ka iya zare zaren kowa.

Hajiya Kulu ta duba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a mayar da nata. Mai kifi ta yarda. Ni tun kafin a tambaye ni na kawo ledata, don na riga na hango inda abin zai kai ni. Saura Baba Wilson. In babu shi, sandar 'Yan Gwiwa za ta rame, jimillar kasuwa ta koma abin da jami'in nan ya faɗa.

Na raka ta shagonsa. Muka tarar da ƙanen matarsa zaune a kan buhun siminti yana cin gyaɗa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. In tsani ne, ya karye."

"Ba tsani ba ne. Duba nan." Ta miƙa masa waya.

Ya riƙe ta nesa da fuska kamar za ta fashe. "Ina nake?"

"Nemo kanka."

Ya ja sama, ya ja ƙasa, ya taɓa, ya buɗe da yatsa biyu. Ya kira surukin ya ce, "Kai mai ido, nemo ni a nan." Surukin ya duba ya duba ya ce babu.

"Kana cikin Gwiwa," in ji Anti. "Kai da Shekari da mai kifi da masu gwanjo da sauran. In an tambaye ka, ka ce yaran nan masu waya ne ke ciniki."

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan? Wa zai yarda?"

Na ce, "Baba, ni zan yarda. Ka bar mini wannan nauyin, zan ɗauka saboda Allah."

Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya yi rawa. Ya ce, "Wanda ya riga ya gani fa? An riga an ɗauki hoton waccan sandar."

"Wannan ba zan iya gogewa ba, Baba. Da zan iya da na yi. Amma simintin da ruwa ya daskarar maka bara, buhu nawa ne?"

Ya yi ajiyar zuciya, ta gaske wannan karon, na san bambancin. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ledar ya ajiye mata a kan kanta. Ya ce, "In na sake ganin sunana, ke za ki je ƙaddamar da faifan nan."

Ranar da Ernest ya zo da injiniya, mun aro majigi daga coci, aka rataya farin zanin gado na Hajiya Kulu a jikin shagon mai shinkafa. Ernest saurayi ne mai sanyin magana, ya zo da fayil a hammata, da alama ya shirya jin koke ne. Anti ta nuna sanduna uku da jimillarsu. Ya gyaɗa kai ya ce kuɗin sun fi yadda ake zato, amma gaskiya akwai kasuwannin da suka fi. Gabana ya faɗi.

Sai Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, taɓa ta ƙasan."

Ya taɓa 'Yan Ƙugu, watanni suka baje. Daga Janairu sandunan suna tafe kafaɗa da kafaɗa, suna isa tsakiyar damina sai suka zube kamar an yi musu ƙafa, suka kwanta har ruwa ya ɗauke, sannan suka miƙe. Ya taɓa Gwiwa, ramin yana nan amma bai kai wancan zurfi ba. Ya taɓa Idon Sawu, ɗan lotsawa kawai. Ya koma shekarar da ta wuce, ramin yana wurinsa. Mu kanmu ba mu taɓa ganin abin haka ba. Shekara da shekaru muna cikin ruwan, amma ba mu san yana da siffa ba.

Injiniyan ya matso kusa da zanin gado ya sa yatsa a cikin ramin. Ya ce wa Ernest, "Wannan ai kuɗinku ne ke bin ruwa." Ernest ya ce, "Na gani." Ya juyo ya ce shi ba ya alkawari, ba shi ke sa hannu ba, amma a tura masa mahaɗin, zai buɗe wa maigidansa a waya, don wannan ya fi fayil saurin shiga ido. Daga nan ya tambayi wane kamfani ne ya yi mana shafin. Kasuwa gaba ɗaya ta nuna Anti, ita kuma tana can durƙushe tana riƙe da wayar caja a jikin soket don kada laftof ya mutu.

Ni ban ɓata lokaci ba. Da yamma na sa rigar Lahadi na nufi Trikania. Na ce, "Mama, sabis ya dawo." Na buɗe mata sandar 'Yan Gwiwa, doguwa, shuɗiya, mai sheƙi. Na ce, "Ga mu nan." Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ku da wa?" Na ce ni da abokan harka. Ta ce hmm. Amma an kawo mini ruwa, har da ƙanƙara, kuma na shanye.

Baba Wilson ya je ƙaddamarwa ɗaya, ya ba da abin da ya sa ba a sake gayyatarsa ba. Yaran ƙauye dai suna nan, ya sa su a makaranta, yana ƙorafi kullum, yana kuma duba musu aikin gida. Babur ɗin har yau turawa ake. 'Yan wata kasuwa a Unguwar Mu'azu sun aiko a tambayi Anti ko za ta yi musu irin namu, ta ce su fara zuwa su gaya mata abin da ba sa jin kunyar faɗa. Mai sayen inji na Kakuri ya kira ya gaji.

Makon jiya, da safe, wata babbar mota ta ja baya a bayan kasuwa ta sauke zobban kankare, manya, waɗanda yaro zai shiga a tsaye. Ta sauke tsakuwa. Ba a fara haƙa ba, direban ya ce shi sauke aka ce ya yi. Amma mun fita mun taɓa su, Hajiya Kulu ta yi guɗa, mai kifi ta shiga ɗaya ta fito ta ɗaya gefen.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan tarihi, don kada gobe wani ya yanka kirtani ya ce shi ya yi. Da na gama na ɗauka na gangara shagonta, na tsaya a ƙofa na gyara murya, na karanta mata tun daga Injiniya marar digiri har Sarauniyar Kwamfuta. Na ƙara da cewa zan nemi ƙungiya ta sa wa kwalbatin sunanta, a rubuta da fenti, a kira mai hoto.

Ba ta ɗago ba sai da takardar da take bugawa ta fito. Ta leƙa sama ta gefen kwano.

"Kwalbatin yana kan ƙasa, Shekari. In ka gama, ajiye takardar ka kama mini injin nan mu ƙara masa bulo. Hadari ya haɗo."